Ramin da Hammadu Ya Rufe

Hammadu taubashina ne, ɗan yayan Innata, saboda haka tun ina goye nake da izinin zaginsa, kuma wallahi na mori izinin nan. Dogo ne siriri, kunnuwa fato-fato, magana kuwa sai ka ce sayenta yake yi. Ni Tasalla, in na yi masa goma ya mayar mini da ɗaya, ranar sai in ce yau Hammadu ya yi surutu.

Ƙauyenmu Tungar Marke yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Gusau, ta ratsa Anka, ta nufi Gummi, ta fice jiha. A ƙarshen mulkin soja wani kamfani ya zo ya kankare tsohuwar kwalta ya shimfiɗa sabuwa. Sunka ɗebi leburori a ƙauyuka, har da Hammadu. Aikinsa riƙon jan ƙyalle a bakin aiki, ya tsayar da mota, ya sallami mota. Kai jama'a! Mutumin da akuyar gidansa ma ba ta jin tsawarsa, sai ga shi yana ɗaga hannu tirela ta ja birki. Abin nan ya shiga ransa bai sake fita ba. Kamfani ya naɗe kayansa ya tafi, Hammadu ya ci gaba da cewa "hanyata".

Ba a yi wasu shekaru ba kwaltar ta fara ɓarewa. Manyan motoci suna taka ta dare da rana, damina tana ci ta gefe, ba mai zuwa ya duba. Dattawanmu sun kai kuka har sun gaji. Duk wanda anka je wurinsa sai ya ce hanyar ba tasa ba ce, ta na sama da shi ce. To, sai Hammadu ya sayar da tunkiya ya sayi baro da shebur da diga. Ya haƙo marmara a bayan gari, ya turo, ya cike rami, ya daddaɓe. Yakan yanko ganyen sabara ya jera inda yake aiki, in mota ta taho ya ɗaga shebur ya gaishe ta. Direba mai kirki ya jefo masa ɗan abin da ya samu, marar kirki ya watsa masa ruwan kwatami ya wuce. Hammadu bai taɓa bin mota da baki ba.

Wanda abin ya tsaya wa a rai shi ne Uba, ɗansa na fari, wanda ya ci sunan mahaifin Hammadu shi ya sa ake ce masa haka. Uba ya tashi a tashar Anka har ya zama direba, yana jan wata babbar mota da ake ce wa kanta, mai bodin katako, yana ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu. A tasha 'yan'uwansa direbobi sunka sa shi gaba, suna kiransa ɗan mai bara da shebur. Yaron yana da zuciya, irin tawa. Ya zo ya same ni, don uba da ɗan fari ba su zama su yi magana ido da ido a wurinmu, sai da ɗan aike.

"Gwaggo, ki gaya wa Baba ya bar bakin titi," in ji Uba. "Hatsi ne zan sayo masa, sutura ce zan ɗinka masa. Ya daina ɗaga wa mutane shebur, ya kashe ni da kunya."

Na kai saƙo. Hammadu ya daɗe yana kankare laka a bakin sheburinsa, sannan ya ce, "Ki ce da yaron, ramin da na cike, tayarsa ma tana bi."

Daga ranar Uba bai ƙara tsayawa a Tungar Marke ba. In ya hango ubansa a kan hanya sai ya danna oda, ya karkata sitiyari zuwa ɗaya hannun, ya kau da kai ya wuce. Shi kuma tsohon banzan nan bai fasa ɗaga masa shebur ba, kamar yadda yake ɗaga wa kowa. Na zagi uban, na zagi ɗan, ba wanda ya ji.

Ƙasa da gari akwai gangara mai tsawo. In ka fito daga Anka, kana shan kwana sai ka gangaro, a gindin gangarar kuma akwai kwalbati, manyan zobban siminti da korama take bi ta ciki ta ƙetare hanya. Daidai kan kwalbatin nan wani rami ya buɗe. Ni dai ramin nan alheri ya zame mini, don tun da mijina ya rasu nake sayar da dafaffiyar masara da gyaɗa, kuma dole kowace mota ta rage gudu a wurin. Kafin direba ya lallaɓa ya fita na sayar da rabin tire.

Hammadu ya sa ramin gaba. Ya zuba marmara yau, jibi ta lotsa. Ya ƙara, ta ƙara lotsawa.

"Ramin ga akwai ci," in ji shi.

"Ka bar mini abina, ɗan baƙin ciki," na ce masa. "Kai an jefo maka, ni kana toshe mini kasuwa. Kunnuwa kamar faifai, ba su jin magana."

Bai kula ni ba. Ashe ya san inda kamfani ya bar wata rabin gangar kwalta a tsohon sansaninsu, ciyawa ta rufe ta. Ya mirgino ta, ya haɗa mata wuta da itace har ta narke, ya cika ramin da marmara, ya kwarara kwaltar a kai, ya watsa tsakuwa, ya daddaɓe da gindin turmi. Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Baƙi ƙirin, sumul, ba ka ce ba injin ya yi ba. Direbobi sunka riƙa yi masa jinjina suna wucewa a guje, ni kuma na yi sati ban gaishe shi ba. Ba wanda ya tambayi inda duk ƙasar da ya yi ta zubawa take tafiya. Ni ma ban tambaya ba, fushin masarata nake yi.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Gummi ce, tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, da safe ya koma yayyafi. Maza duk sun fita gona. Na ɗauki kwaryar gyaɗa na gangara korama in wanke mata ƙasa, a bakin kwalbati ta inda ruwa yake fitowa. Sai na ga ruwan ja wur. Koramarmu ruwanta fari-fari ne, yashi take bi, ba ta da jar ƙasa ko kaɗan. Ina tsaye ina mamaki wani mai babur ya bi ta sama, sai na ji yuuu, ƙasa tana zuba a cikin kwalbatin kamar ana juye buhu.

Na ajiye kwaryar, na tattare zane, na sunkuya na shiga. Ruwan ya kawo mini gwiwa. A tsakiya zobba biyu sun rabu, tsakaninsu mutum zai iya zura kai. Na zura nawa na duba sama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Babu ƙasa. Kogo ne kamar cikin rumbu, tun daga wannan gefen hanya har kusa da wancan. Can sama ga kwaltar kaɗai a shimfiɗe kamar ɓawon ƙanzo, har haske yana shigowa ta wasu 'yan ƙofofi.

Ban san yadda na fito ba. Hammadu yana can gefe yana sauke baro. Na ƙwala masa kira da muryar da ban taɓa kiransa da ita ba, shi ya sa ya yar da baron ya taho da gudu. Ya shiga, ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ta yi fari fat, jar laka tana bin gemunsa.

"Tasalla," ya ce, "ƙasata ce. Duk wadda na zuba, ta nan take bi. Da na bar ramin a buɗe da kowa ya gani."

"Ba lokacin wannan ba ne. Mota za ta iya bi?"

"Babur ya bi. Ƙarama, wataƙila. Mai kaya kam..." Ya juya ya kalli gangara.

Ni ma na kalla, kuma abin da ya zo masa shi ya zo mini. Duk ranar kasuwar Gummi, babbar motar da take fara gangarowa da hantsi kantar Uba ce, buhuna har sama, mata da maza a zaune a kan buhunan. Ga shi hantsi ya kusa. Lokacin ana labarin wayar hannu a Gusau, mu kam ko a mafarki ba ta iso mana ba. Babu yadda za a aika masa.

"Ganye," na ce. "Mu yanko ganye mu jera tun daga kwana."

"Kullum ganye nake jerawa. Kewaye shi suke yi."

"To mu mirgino gungume mu gicciya. Ga kututturen marken can."

"Ke kin manta?" Ya kama hannuna har na ji zafi. "Bara da 'yan fashi sunka gicciya gungume a dajin gaba, mi direbobi sunka yanke a tasha? In ka ga itace a hanya kada ka tsaya, ka ƙara wuta ka bi ta gefe. In yaron nan ya ga gungume, a guje zai faɗo."

Gaskiyarsa. Sai na hango shanun Audu, wani Bafulatani maƙwabcinmu, suna kiwo a ƙetaren korama. Babu direban da ba ya tsayawa saniya, don saniya biyanta ake yi, mutum kuwa sai a ce Allah ya jiƙansa. Na ruga bakin ruwa ina kururuwa, "Audu! Koro shanu kan titi! Audu!" Yana nesa, ga ƙarar ruwa. Ya ɗago sanda ya gaishe ni, ya juya ya bi shanunsa. Wallahi da ina kusa da shi da na fasa masa kai da sandar.

Da na dawo na tarar Hammadu ya hau kan facinsa da diga yana sara, wai ya fasa ɓawon ramin ya bayyana. Kwaltar da ya yi wa aikin kirki ta ƙi fasuwa, digar sai tsalle take yi, ƙasan ƙafarsa kuwa yana amsawa kamar ganga.

"Sauko, mahaukaci! Za ka rufta!"

"Ko na fasa ma," ya ce yana haki, "daga sama yaron ba zai gani ba sai ya iso. Mota da kaya ba ta tsayuwa nan kusa."

A nan munka ji ta. Can bayan kwana, gurnanin inji mai nauyi, da odar nan tasa mai murya biyu da duk yaran gari sunka sani.

Hammadu ya yar da diga ya ɗauki shebur. "Tsaya ta wancan gefen, kada wani ya fito daga Gummi," ya ce. Ya kama hawan gangara da gudu, tsoho mai ciwon ƙirji, silifa ɗaya ta fice bai waiwaya ba. Ni ban je wani wancan gefe ba. Na bi bayansa ina tuntuɓe da zane.

Ya kai kusan rabin gangara kantar ta sha kwana. Ta cika har ta karkace, mutane a sama sun lulluɓa da leda saboda yayyafi. Hammadu ya tsaya a hannunta ya ɗaga shebur, yana kaɗa shi sama da ƙasa, yana ihu. Ni kaina da nake bayansa ban ji abin da yake cewa ba, balle wanda yake cikin mota gilashi a rufe. Uba ya yi abin da ya saba. Ya danna oda, ya karkata zuwa ɗaya hannun, ko rage gudu bai yi ba.

Sai na ga Hammadu ya jefar da shebur. Ya tsallaka hannun da motar ta koma, ya tsaya a tsakiya, ya cire hularsa ya ajiye a kan kwalta. Sannan ya durƙusa. Gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye, hannu biyu a gaba, irin durƙuson da yaro yake yi wa mahaifinsa da safe. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin uba ya durƙusa wa ɗan cikinsa ba. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Birki ya yi ƙara. Tayoyin sunka daina juyawa amma motar ba ta daina tahowa ba, tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayanta yana neman ya wuce gabanta. Matan sama sunka sa salati. Ina kallon Uba ta gilashi, ya miƙe a kan birki, bakinsa a buɗe. Hammadu bai ɗago kai ba. Da ya mirgina gefe da ya tsira, fili yana nan, amma ya san in ya kauce yaron zai saki birki.

Ta buge shi a ƙirji, ta tura shi gaba kaɗan, ta tsaya.

Uba ya diro yana "Baba! Baba!" Ya jawo shi daga ƙarƙashin bamba. Jini yana fita ta bakin Hammadu amma idonsa biyu. Mutane sunka yi ta dirowa, masu kuka suna yi, masu zagi suna yi. Wani ɗan kasuwa yana cewa tsohon ya haukace, wata tana cewa da gangan ya yi don ya ja wa ɗansa bala'i. Na iso numfashina ya ƙare, ina nuna gindin gangara ina cewa, "Hanyar! Babu ƙasa! Rami ne!" Sunka duba, sunka ga faci baƙi sumul, mafi kyawun wuri a duk hanyar. Wata mata ta rungume ni tana cewa in yi haƙuri, Iya, in yi ta salati.

Kafin in ƙwace, Uba ya ɗauki ubansa ya sa a gidan gaba, ya zagaya ya hau. Mun fi kusa da Gummi a kan Anka, kuma motar can ta fuskanta. Asibiti zai kai shi. Ya tayar da inji, rabin mutane suna kan kaya ba su sauko ba, har da masu goyo.

Na ture matar nan ta faɗi zaune. Na kama ƙofar direba na rataya, ina dukan gilashi da tafin hannu. "Uba! Don Allah, don Annabi, kada ka gangara! Kwalbatin ya rube!"

Ko kallona bai yi ba. Hawaye ya rufe masa ido, ba ya ji ba ya gani. Ya taka kuloci ya kai hannu kan giya, motar ta fara silalawa da ni a jikinta, ƙafafuna suna jan ƙasa.

Sai hannun Hammadu ya taso ya sauka a kan na ɗansa. Ta gilashi na gani, hannun nan mai kaushi duk jar laka, ya danne hannun Uba da giyar gaba ɗaya. Uba ya taka birki ya juya. Rabon da su kalli juna ido cikin ido, ni dai ban san ranar ba. Na fizge ƙofar ta buɗe, shi ya sa na ji.

"Baya," in ji Hammadu. "Koma da baya."

"Baba, Gummi ta fi kusa!"

"Na ce baya."

Bai saki ba sai da Uba ya sa giyar baya. Babu wurin juyawa a gangarar, haka kantar ta hau da baya tana kuka har kwana, sannan ta juya ta nufi Anka. Waɗanda sunka rage a ƙasa na ja biyu daga cikinsu da ƙarfin tsiya na tura su cikin kwalbatin. Sunka gani da idonsu sunka fito. Su ne sunka tare hanya ta gefe biyu da duwatsu da jikinsu, har maza sunka dawo daga gona.

Hammadu bai kai Anka ba. An ce tun kafin su shiga gari ya cika, kansa a kan cinyar wani mai sayar da barkono. Da la'asar anka dawo da shi, anka yi masa sutura. Mutumin da na yi shekara hamsin ina zagi, ranar na nemi kalma ɗaya mai daɗi da na taɓa gaya masa na rasa, na yi kuka har muryata ta dushe.

Washegari da safe na gangara neman kwaryata. Facin yana nan bai rufta ba, motoci sun fara fasa hanya ta cikin gonaki. Na tarar da Uba a bakin korama, ya naɗe wando. Bai gaishe ni ba, ya sunkuya ya shiga kwalbatin shi kaɗai. Na zauna a kan dutse ina jiransa, kuma na kwana da maganganu a bakina masu zafi, na jera su tsaf.

Ya daɗe ƙwarai. Da ya fito sai ya zauna a cikin laka.

"Gwaggo," ya ce, "da ya ɗaga mini shebur, na gan shi. Wallahi na gan shi sarai."

Duk abin da na tanada ya tsere mini, saura guda.

"Ya san ka gan shi," na ce. "Shi ya sa ya durƙusa."